Ɗalibar da Baba Ya Je Nema a Unguwar Mu'azu

Ni aka ɗora wa aikin koya wa malaman kwalejinmu yadda za su koyar da sabon kwas. Ba don na fi kowa ilimi ba ne. An dai taɓa ganina na gyara firintar ofishin shugabar sashenmu, alhali takarda ce kawai ta maƙale na zaro ta. Daga ranar na zama gwanar kwamfuta a makarantar, duk wanda wayarsa ta ƙi ɗaukar caji sai a ce ya zo wurina. Da maganar kwas ta taso kuwa, ba a ko yi shawara ba, ni aka tura na je na koyo, na dawo da takardu cike da jaka.

Kwas ɗin na 'yan shekarar farko ne. Hukumar makaranta ta gaji da ganin yara suna shigowa da ɗoki da sababbin jakunkuna, kafin zango na biyu wasu sun ɓace ba sallama. Shi ne aka kawo darasin da zai koya musu yadda ake tsara lokaci, da yadda ake karatu, da inda mutum zai kai kukansa idan abu ya cushe masa. Rabinsa a aji ake yi, rabinsa a cikin wata manhaja ta waya da kwamfuta. Malami yana da shafinsa, inda sunayen ɗalibansa suke a jere. Wanda yake aiki sunansa kore ne, wanda ya fara ja da baya rawaya, wanda aka daina jin ɗuriyarsa kuma ja. Idan suna ya koma ja, sai malami ya tura wa yaron saƙo ta cikin manhajar, ya sa masa ranar da za su gana, ita kuma manhajar ta rubuta cewa malam ya yi abin da ya kamata.

Sharaɗin da aka gindaya ɗaya ne: malamin da bai ci bitar mako biyu ba, ba zai ƙara shiga ajin 'yan shekarar farko ba. Ni ce kuma mai sa hannu a takardar kowa.

Ni dai ba ni da dogon haƙuri, wannan ko a gidanmu na Tudun Wada an sani. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake da saurin hawa. To ka ɗauki mace irina ka kulle ta a ɗaki ɗaya da malamai ashirin da 'yan kai, yawancinsu sun girme ta, wasu ma sun koyar da ita. A makon farko na gane cewa babu ɗalibin da ya kai malami wuyar sha'ani. Mutanen da suke ƙwace wayar yara a aji su ne suke sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur suna cewa, "Ina cikin taro, zan kira ka." Masu korar ɗalibi saboda lattin minti biyar su ne suke shigowa da rabin awa, kuma sai sun bi kowa sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, kafin su zauna. Ranar da aka zaɓi kalmar sirri, kusan kowa sunan ɗansa ya sa. Washegari rabinsu sun manta ko na fari suka sa ko auta.

Shugabar sashenmu, wadda kowa yake kira Hajiya, a layin gaba take zama don ta ba da misali mai kyau. Kwana biyu tana ɗaga linzamin kwamfuta sama tana auna allo da shi kamar rimot ɗin talabijin, ni kuma na rasa bakin da zan gaya mata. A bayanta akwai malamin lissafi, wani Bafulatani siriri da muke ce wa Malam kawai, wanda bakinsa ba ya hutawa. Shi ya iya komai tun ranar farko, saboda haka sauran kwanakin ya ƙarar da su wajen tsokana.

Wanda yake tsokana kuwa shi ne Baba.

Baba mutumin Binuwai ne, Tibi, yana zaune a unguwar Nasarawa tun zamanin da masaƙun Kaduna suke aiki. Turanci yake koya wa 'yan shekarar farko, kuma su yake koyarwa tun kafin a haifi wasu daga cikin malaman da ke ɗakin. Ni ma shi ya koyar da ni. Kafin mako na uku ya san sunan kowane yaro a ajinsa, da garinsu, da wanda yake ɗaukar nauyinsa. Tsakaninsa da Malam akwai wasan nan na Tibi da Fulani, kullum sai Malam ya tambaye shi yaushe za su dawo musu da shanun da kakanninsa suka cinye, shi kuma Baba ya ce ai naman ma ba daɗi.

Shekara biyu ta rage masa ya yi ritaya. Idan bai ci bitar ba, an riga an ce za a mayar da shi kula da ɗakin ajiyar takardun jarrabawa, wani ɗaki a ƙarshen baranda mai taga ɗaya, inda ɗalibi ba ya shiga. Duk wanda ya san Baba ya san abin da wannan yake nufi. Ni kaina tun da na ga sunansa a jerin masu bita nake yi masa fargaba.

Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske fiye da kowa. Ya sayo sabon littafi mai kauri, duk abin da na ce a danna sai ya rubuta shi da biro kafin ya danna. Idan na yi tambaya sai ya miƙe tsaye zai amsa.

"Baba, don Allah ka zauna," in ce.

"A'a, Malama. Haka na koya miki, haka zan yi miki."

Madannan kwamfuta kuma dukansu yake yi da yatsa ɗaya kamar tsohuwar tafireta, har na kusa da shi ya ja kujera gefe. Amma yana tafiya. A hankali dai, yana tafiya.

Yanzu ga inda laifina ya shigo, kuma ba zan ɓoye shi ba. Manhajar ta zo da ajin gwaji, wato ɗaliban ƙarya da malamai za su koyi aiki a kansu. Sunayensu da garuruwansu duk na wata ƙasa ne, na san kuwa mutanena ba za su ɗauki yaron da ba su iya kiran sunansa da muhimmanci ba. Sai na zauna wata rana da yamma na sake su duka. Na ba su sunaye irin namu, na ba su unguwanni, na ba kowa ɗan tarihinsa. Abin ya yi mini daɗi har na wuce gona da iri. Ta bakwai a jerin ita na fi ƙawatawa. Na ce a Unguwar Mu'azu take, bayan masallaci, kusa da injin niƙa. Na ce mahaifiyarta ƙosai take sayarwa. Na sa sunanta ya zama ja, mako uku ba ta shiga manhaja ba, sannan na rubuta saƙonta na ƙarshe da hannuna: "Malam, ina ganin karatun nan ya fi ƙarfina."

Ranar Alhamis da safe na buɗe musu ajin, na kuma faɗa da babbar murya cewa yaran nan babu su, ni na ƙirƙire su. Kowa ya ji, ban da Baba. Yana da lacca ta ƙarfe takwas a ranar, shi kuwa bai taɓa yanke lacca don wani taro ba a rayuwarsa. Ya shigo bayan na gama bayani, ya ba da uzuri a tsaye, ya zauna ya buɗe littafinsa. Ni kuma a lokacin ina fama da Hajiya da linzaminta, na manta shaf.

Ranar Juma'a kafin a tashi masallaci na ba da aikin gida. Na ce kowa ya duba ɗalibar da sunanta ya yi ja, ya ɗauki matakin da ya dace kafin Litinin.

Litinin da sassafe na buɗe nawa shafin, inda nake ganin aikin kowa. Saƙonnin da aka tura wa ɗaliban ƙarya duk wurina suke faɗowa. Malam ya rubuta mata kalma biyu, "Ki dage." Hajiya ta cika rabin shafi da faɗa irin na uwa, ta tambaye ta ko ta san wahalar da mahaifiyarta take sha a gaban kasko, sannan ta rufe da addu'a. Kowa dai ya yi wani abu. Gurbin Baba ne kawai babu komai a ciki. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ne ya ɓata shi. Na ce a zuciyata, mutumin nan zai sa in zama ni ce na kai malamina ɗakin takardu.

Ya shigo a kan lokaci, sanye da rigarsa mai guga kamar kullum, sai dai takalmansa sun sha wanki har fatar ta yi fari-fari. Damina ce lokacin. Bai zauna ba.

"Malama, kafin a fara ina da ƙorafi a kan yadda ake rubuta adireshin yara a makarantar nan."

Na ce, "To, Baba."

"Ranar Asabar tun da hantsi na je Unguwar Mu'azu neman yarinyar nan ta bakwai. An rubuta bayan masallaci. Kin san yawan masallatan unguwar nan? Kuma kowane masallaci yana da baya. Injin niƙa na ƙirga har na daina ƙirgawa. Masu ƙosai kuwa na ci na mutum biyar, don ba ka tsaya wa mace a kan sana'arta da tambaya ba ka sayi komai ba. Jiya bayan an tashi coci na koma. Na je na gaida mai unguwa, ya haɗa ni da wani dattijo muka zaga lungu-lungu cikin taɓo. Babu wanda ya san ta."



Ban san lokacin da na ce, "Baba, me ya hana ka tura mata saƙo kamar yadda na nuna?"

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi mini shekarun baya idan na ba da amsar banza.

"Yarinya ta ce karatu ya fi ƙarfinta, sai in aika mata da rubutu a waya? Ko dubiyar mara lafiya ce ai mutum takawa yake da ƙafarsa. Wannan maganar zaure ce, a gaban iyayenta. Idan na tura saƙo ai na raina ta, na raina uwarta."

Na ga kafaɗun mutane sun fara rawa saboda dariyar da suke dannewa. Hajiya ta ja bakin mayafinta ta rufe baki, ta ƙura wa allo ido kamar an rubuta wani abu mai muhimmanci. Kowa yana jiran Malam, don a shekara goma bai taɓa samun dama irin wannan a kan Baba ba. Malam kuwa ya sunkuyar da kai yana gyara agogonsa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ne ya tona asiri. Baba ya juya ya dube shi, ya dubi sauran mutane, sannan ya dawo da idonsa kaina.

Na ce a tafi hutun minti goma, alhali ko fara darasi ba mu yi ba.

A ƙarƙashin bishiyar dogon yaro da ke bakin ɗakin na gaya masa. Na yi ta kewaye-kewaye, ni da ake cewa ba na tauna magana. Daga ƙarshe na ce, "Baba, yarinyar nan babu ita. Ni na ƙirƙire ta don gwaji. Na faɗa ranar Alhamis kana lacca, na manta ban sake faɗa maka ba."

Ya dubi takalmansa.

"Mahaifiyar tata fa, mai ƙosai?"

"Ita ma ni ce."

"Saƙon da ta rubuto?"

"Ni na rubuta, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Da kin iya tsara labari haka lokacin da kike ajina, da ban ba ki makin da na ba ki ba." Na yi dariya don na ɗauka an wuce wurin. Shi bai yi ba. Ya koma ciki ya ɗauki littafinsa da bironsa, ya ce wa Hajiya ranki ya daɗe yana jin jiri, ya fita.

Talata bai zo ba. Laraba ma haka. Laccarsa ta safe dai yana yi, yana gamawa sai ya bi ta ƙofar baya ya hau Keke mai ƙafa uku. A shafina, inda masu bita suke a jere, sunansa ya tashi daga kore ya koma rawaya, daga rawaya ya koma ja. Jarrabawar ƙarshe kuma ranar Juma'a ce.

Na tura masa saƙo ta manhaja. Na tura ta waya. Na sake turawa, na tsara kalmomin ban haƙuri masu kyau, har da ɗan hoton hannuwa biyu a haɗe. Shiru. Na je wurin Hajiya na ce ko za a ɗaga masa ƙafa, tunda kowa ya san abin da ya yi ya fi abin da aka nema. Ta ce ita ma abin yana cin ta, amma takardar daga sama take, kuma sai manhaja ta nuna mutum ya yi aikin da hannunsa. Na fito ina ta faɗa ni kaɗai a baranda, ina zagin manhaja da wanda ya ƙera ta da firintar da ta jawo mini wannan aiki.

Alhamis da rana ina ofis ina rubuta saƙo na biyar, sai Malam ya leƙo. Bai shigo ba, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kin ji daga wurin mai cin shanun?"

"Na tura masa saƙo har huɗu, bai amsa ba."

"Saƙo," in ji shi. "Ke kin taɓa zuwa gidansa kuwa?"

Kunya ta rufe ni. Na kashe kwamfutar na sa ta a jaka.

Ban san gidan ba. Da na sauka daga Keke a Nasarawa na tambayi wata mai kanti ko ta san gidan Baba malamin kwaleji. Kafin ta buɗe baki mutum biyu da ke sayayya sun nuna mini layin. Matarsa ce ta buɗe mini ƙofa, wata gajeriyar mata mai fara'a da kowa yake kira Mama. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ce uwar yarinyar?" Sannan ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ce sau biyu ta wanke takalman nan, kuma ƙosai ya hana shi cin abincinta ranar Asabar, ita ba ta yafe wannan ba.

Baba yana baranda, da singileti da zane, yana duba takardun yara da jan biro. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi. Na ce na zo ba da haƙuri, laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Ya ce in tashi in zauna, ba a magana da yunwa. Sai da Mama ta kawo sakwara ta tsaya a kaina na ci, sannan ya ajiye biron.

"Ba dariyar ce ta dame ni ba," in ji shi. "Shekara da shekaru yara suna kwaikwayon tafiyata a bayana, ina sane. Abin da ya dame ni, kwana biyu ina tsara abin da zan gaya wa matar nan. Na shirya maganar tsaf, yadda ba za ta ji kunya ba. Ashe ni kaɗai nake ta yi. Sai na ce, idan na kai matsayin da ban iya gane wane ne mutum wane ne ba mutum ba a cikin akwatin nan, ina ni ina riƙe 'ya'yan mutane? Gara in tafi ɗakin takardun da mutuncina."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na kuma ji haushi, don ni idan abu ya taɓa ni faɗa nake yi. Na ce, "Baba, mu ashirin muka ga sunan yarinyar nan ya yi ja. Kai kaɗai ka tashi daga kujera. Idan ka tafi ɗakin takardu, wa zai tashi? Malam, mai 'ki dage'? Akwatin nan ba ya zuwa gidan kowa. Nuna maka kawai yake wane yaro ne ya yi shiru, tun kafin ka lura da kujerarsa babu kowa. Ka tura saƙo, ya gaya maka wane masallaci ne, sannan ka ɗauki ƙafarka."

Ya daɗe yana juya biron a hannunsa. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa don kada Mama ta ji, "Kuma rubutun ciki ƙanana ne. Ba na ganinsu sosai."

Na fito da kwamfutar na buɗe, na danna maɓalli biyu. Haruffan suka kumbura suka cika allo.

Ya matso da fuskarsa, ya ja baya. "Ashe suna girma?"

"Suna girma, Baba."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko. Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"In ce wa yarinyar da na koya wa rubutu ba na ganin rubutu?"

Mako biyu mutumin nan yana lalube, yana haddace inda kowane abu yake daga littafinsa, don kada ya buɗe baki a gaban ɗalibarsa. Ni kuma mai bita ina tsaye a kansa kullum ban gani ba.

Muka zauna a barandar muna maimaitawa. Ya buɗe shafi, ya rufe, ya sake buɗewa. Da la'asar ta yi Mama ta shimfiɗa mini wata tabarma da take ajiyewa don baƙi irina, na yi salla a ɗakinta, na dawo na tarar ya shiga da kansa ba tare da ya duba littafin ba. Da zan tafi bai ce zai zo ba, ni ma ban tambaya ba. Ya dai ce in gaida mahaifiyata.

Ranar Juma'a jarrabawar mai sauƙi ce a faɗa. Kowa zai zauna a gaban kwamfuta, ya shiga shafinsa, ya nemo ɗalibin da ya yi ja, ya tura masa saƙo, ya sa ranar ganawa, duk cikin minti ashirin. Hajiya ce mai duba lokaci, bayan ta yi nata ta haye da ƙyar. Mutane suna yi suna fita. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, saura mutum biyu, saura ɗaya. Ina ta kallon ƙofa har wuyana ya gaji.

Sai ga shi, ya gama laccarsa, da alli a hannun rigarsa. Bai zo da littafin ba.

"Malama, na yi latti. Ina neman izinin shiga."

"Shigo, Baba."

Waɗanda suka gama, maimakon su tafi, sai suka dawo suka jeru a bakin taga. Malam ya shigo ciki ya zauna a baya, ya ce shi ya zo ne ya ga yadda Tibi yake kiwon kwamfuta. Baba bai ko waiwaya ba. Ya shiga shafin. Ya nemo ta, ta bakwai, sunanta yana nan ja kamar yadda na bar shi. Ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsarsa ɗaya, ya fara duka.

Harafi ɗaya, ya duba allo. Harafi ɗaya, ya duba allo. Ya goge, ya sake. Minti goma ya wuce, sha biyar ya wuce. Na dubi Hajiya. Ta dubi agogon hannunta, ta kwance shi a hankali, ta jefa a jaka ta ja zif, ta ce wai yana matse mata hannu.

Da ya danna wurin turawa, sunan ya tashi daga ja ya koma rawaya. Saƙon kuma ya faɗo a kwamfutata, tunda ni ce yarinyar. Ga abin da ya rubuta:

"'Yata, malaminki ne. Na zo unguwarku sau biyu ban same ki ba. Karatun bai fi ƙarfinki ba. Ni ma a makon nan na ce wani karatu ya fi ƙarfina, na gudu gida na ɓuya, sai da aka zo aka ɗauko ni. Ba abin kunya ba ne. Ki zo ranar Litinin ki same ni a ofis. Idan ba za ki iya zuwa ba, ki gaya mini wane masallaci ne."

Na karanta sau biyu. Sai na sa hannu a madannai na rubuta, "Na gode, Baba. Zan zo." Na tura.

Amsar ta fito a allonsa da manyan haruffa, har na bakin taga suna iya karantawa. Ya karanta ta yana motsa leɓe. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ki gaya mata ƙarfe goma ne, bayan lacca. Ba na son latti."

Na jawo takardarsa na sa hannu. Hajiya ta karɓa ta buga hatimi. Baba ya miƙe ya mayar da kujerar wurinta, ya tambaye ni wane ɗaki aka ba 'yan shekarar farko a zango mai zuwa, don yana so ya je ya duba ko kujerun za su ishe su.